Shekarar da Na Yi wa Taubashina Tafinta

A shekarata ta biyu a sashen koyon aikin jarida aka ba ni shafin kiɗa na jaridarmu ta ɗalibai, don ba wanda yake so. Kowa siyasa yake son rubutawa. Jaridar ma ba wata aba ba ce: takardu ne da muke bugawa a shagon kwafi, mu manna wasu a allon da ke bakin ɗakin cin abinci, mu raba sauran. Editanmu, wani dogon ɗalibi na ajin ƙarshe, ya ce akwai samari a Omdurman da ke wani abu wai shi hip-hop, in je in gano mene ne. Ya haɗa ni da wata 'yar ajinmu saboda ita kaɗai ke da kyamara.

Ni ɗan Aljirif ne. Babana ya baro gonakin auduga na Jazira tun yana saurayi, ya zo ya kama aikin bulo a bakin kogi, a nan aka haife mu. Kullum da safe sai na yi wanka sau biyu don kada warin hayaƙin gasa bulo ya bi ni aji. A jami'a ba wanda ya san ina jin Hausa. Ban taɓa yi wa kowa ƙarya ba, sai dai na goge Larabcina tas, ta yadda ba wanda zai yi tunanin tambaya. In Inna ta kira ni a waya ina cikin mutane, sai in ja gefe, in amsa da «eh» da «a'a».

Wurin da samarin ke taruwa gidan wani ne da iyayensa ke aiki a ƙasashen Larabawa na gabas, suka bar masa gida shi da kakarsa kurma. Ranar Juma'a bayan la'asar ake haɗuwa a tsakar gidan, a watse kafin kiran isha'i, don maƙwabta ba su da haƙuri kuma 'yan sanda ba sa bukatar a kira su sau biyu. Ɗakin ɗaukar murya wani ɗan ƙaramin ɗaki ne da aka jingine katifu a bangonsa, aka lilliƙa kwalayen ƙwai a sama. In an ɗauke wuta, wani yaro ɗan kudu yakan yi kiɗan da bakinsa, a ci gaba. Akwai masu yi da Larabcin titi, akwai masu yi da Turancin da suka tsinta a talabijin. Wasu kan rashin aiki suke, wasu kan cunkoson mota, da yawa kuma kan yadda suka fi kowa iyawa.

Na so wurin tun ranar farko. Suna ce mini ustaz, su kawo mini kujera. In na rubuta labarin mutum, sai ya zo har jami'a ya tsaya gaban allo yana karanta kansa. Amma abin da na fi so shi ne hanyar. Ni da mai kyamara mukan haɗu a tashar tsakiyar Khartum mu shiga hafila, ƙaramar bas ɗin nan, mu haye gada. Ina addu'ar a yi cunkoso, kuma Allah yakan amsa. Tana zaune gefen taga, jakar kyamara a cinyarta, tana ba ni labarin abin da ta gani wanda ni ban gani ba: wane ne hannunsa ke rawa kafin ya karɓi makirfo, wane ne ya aro takalmi. Ban taɓa gaya mata komai ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Wata Juma'a cikin zafi muna zaune, sai mai gidan ya ce akwai baƙo daga Alsahafa. Na ɗaga kai, sai ga ɗan kawuna.

Taubashina ne, ɗan yayan Inna, sa'ana. Kawu yana da shagon turare da atamfa a kasuwar Alsahafa, suna da mota, gidansu na siminti ne. Tun muna yara shi ke sa tufafi sabo, ni in gada. Ya faɗi jarrabawar gama sakandare, ya sake, ya kuma faɗi, sai ya ce karatun ne bai dace da shi ba, kowa ya yi dariya aka bar zancen. Ni da na ci, an yi mini addu'a an shafa. Kyakkyawa ne, ya kuma san haka. Ban taɓa jin yana waƙa ba, ko a bayi.

Ya fara da Larabci, ba laifi, ba kuma abin a zo a gani ba. Har na fara jin daɗi. Sai ya ɗaga hannu aka rage kiɗa, ya juya harshe:

«Kaka ta taho da ƙafa, ba ta tambayi kowa hanya ba,
ni an haife ni Alsahafa, har yau ba a daina tambayata ba.»

Hausa ce, irin ta gidanmu, wadda ake aiken yaro da ita sayen gawayi. Jikina ya yi sanyi. Na jira a yi dariya, don na san irin dariyar, na sha ta a makarantar firamare. Ba a yi ba. Tsakar gidan ta yi tsit, sannan ta fashe. Yaran da ba su san ko «sannu» ba suna ta maimaita ƙarshen baitin, «ba, ba», suna buga ƙafa. Ya ci gaba, yana shiga Larabci yana fita, ya kawo masu gasa agashe a bakin titi, ya kawo mata masu tallar gyaɗa, ya kawo kwandastan da ke kwaikwayon maganar tsofaffinmu. Kowane abu da na yi shekaru ina ɓoyewa, ya ɗauko ya ɗaga sama, aka tafa masa.

Da ya gama ya hango ni. Ya ware hannu tun daga nesa.

«Ɗan goggo! Kai ne ustaz ɗin da ake faɗa? Wallahi da na sani da na sa riga mai kyau.»

Da Hausa ya faɗa, da ƙarfi. Mai kyamara ta sauke kyamararta ta dube ni.

«Kana jin abin da yake cewa?»

Na ce ina ji.

«Duk watannin nan? To me ya ce a waƙar? Gaya mini duka, kada ka tsallake komai.»

Haka na zama tafinta. Editanmu da ya ji labari ya ce shafi biyu za a ba shi, da baitocin a fassare. Muka riƙa haɗuwa mu uku wajen wata mai shayi a gindin bishiyar darbejiya kusa da jami'a. Shi ba ya rubuta komai, a kansa yake ajiyewa. Sai ya rera, ni in kama da haruffan Larabci yadda malaman unguwarmu ke yi, sannan in juya shi zuwa Larabcin littafi. Aikin ya ba ni wuya, na kuma yi shi da gaske. Wani baitin sai in kwana biyu ina juya shi. In na karanta musu, sai ya gyara zama ya ce mata:

«Kin ji? Ashe haka na iya magana.»

Ita kuma ta yi dariya har ta dafe tebur.

Kakar da yake waƙa a kanta kakata ce ni ma, mahaifiyar Inna da Kawu. A gidanmu take zaune, ba a nasu ba. Ni nake kai ta asibiti, ni nake zama gefen gadonta tana ba ni labarin yadda suka taso daga ƙasar Hausa tana ƙaramar yarinya, iyayenta da niyyar aikin hajji, suna yin noman ƙodago a hanya su ci gaba, har suka iso bakin Nilu mahaifinta ya rasu, tafiyar ta tsaya nan. Na taɓa rubuta labarin a aji, na sauya shi ya zama na wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Malamin ya ba ni maki mai kyau ya mayar mini da takardata. Shi kuwa da Sallah kaɗai yake zuwa gaishe ta. Layi biyu ya ɗauka daga duk rayuwarta, ga shi garin na rerawa.

Ba a daɗe ba ya fara zuwa da motar Kawu ranar Juma'a. Ya ce me zai sa mu sha wahalar hafila alhali hanyarmu ɗaya. Mai kyamara ba za ta shiga motar namiji ita kaɗai ba, don haka dole da ni. Da farko tana zama a baya, ni a gaba. Sai ta ce tana son ɗaukar hoton gada ta gilashin gaba, muka yi musaya, ba mu kuma sake musanyawa ba. Daga baya nake kallon ƙeyarsu. Tana tambayarsa yadda ake cewa kogi, yadda ake cewa na gaji, yadda ake cewa kai maƙaryaci ne. Yana gaya mata, tana maimaitawa a karkace, yana gyara mata. Wani lokaci ta waiwayo ta ce, «Haka ne, ko yana yi mini wasa?» In ce haka ne. Cunkoson da nake roƙo a da, yanzu shi ne azabata.

Ranar da jaridar ta fito, na tsaya nesa ina kallon allo. Ban taɓa ganin taro haka a gabansa ba. Shi ne rubutu mafi kyau da na yi a jami'a, har yau ina ganin haka. Amma hoton ake kallo: shi a tsaye, ido rufe, makirfo a baki, hasken yamma a gefen fuskarsa. 'Yan mata suka riƙa tare ni suna tambaya da gaske ɗan uwana ne. Wani ɗan ajinmu da bai taɓa yi mini magana ba ya dafa ni ya ce, «Ashe kai Bahaushe ne? Kai, kuna da abubuwa!» Ban san ko in gode masa ba. Abin da na ji tsoron a sani ya fito, ba abin da ya same ni, kuma wannan ma ya ƙona mini rai, domin ba ni na fito da shi ba.

Waƙar ta bi wayoyi har ta iso Aljirif. Wata rana na dawo na tarar ƙanwata ta kunna wa Kaka. Tsohuwa ta karkata kunne, ta sa aka sake. Sai ta kama dariya har da tari.

«Ƙarya yake, ja'iri. Ba garin da ba mu tambayi hanya ba. Wa ya san gabas da yamma a dajin nan?»

Na ji sanyi a raina. Na ce yanzu za ta wanke shi. Sai ta share hawaye da gefen mayafi ta ce:

«Amma yaron nan ya iya magana. Ku ce masa ya zo in sa masa albarka.»

Na fita na bar musu ɗakin.

Na gwada ni ma. Da yamma in gangara bayan wurin aikin Baba, inda ake shanya ɗanyen bulo layi-layi, in tsaya ina fuskantar kogi ina rera abin da na rubuta. A takarda baitocina sun fi nasa, ma'anarsu ta fi zurfi, ba inda kafiya ta karye. Wata Juma'a da aka ɗauke wuta, aka rasa mai fitowa, wani ya ce ustaz ya taɓa mana. Na tashi. Ɗan kudun nan ya fara kiɗa da baki. Na shiga a makare, na yi sauri don in kamo, numfashina ya ƙare a tsakiyar layi. Na dai kai ƙarshe. Aka tafa irin tafin da ake yi wa baƙo mai jawabi. Taubashina ya taso ya rungume ni, ya ce da Larabci don kowa ya ji, wannan shi ne ƙwaƙwalwar danginmu. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi.

Bayan haka Kawu ya aiko in je shago. Na same shi yana auna turare a 'yar kwalba. Ya sallami mai saye, ya sa aka kawo mini shayi, ya rufe ƙofa rabi.

«Kai ne mai karatu a cikinku. An ce ɗan uwanka yana tsalle-tsalle a Omdurman, an ce kai kake rubutawa. Liman ya yi mini magana. Gaya mini tsakaninka da Allah, abin nan akwai shaye-shaye? Akwai zagin hukuma da zai ja mana?»

Na daɗe ina kallon kofin. Na san nauyin maganata a wurinsa. Kalma ɗaya, ko ma in yi shiru in sunkuyar da kai, da an karɓe makullin mota, da Juma'a ta dawo yadda take. Na ji daɗin wannan tunanin a bakina kamar alewa. Sannan na ce:

«Kawu, ba shaye-shaye. Kafin isha'i ake tashi. Labarin Kaka yake yi, da na masu agashe.»

«Labarin Inna?»

Na ce eh. Ya ce in karanta masa. Na karanta masa layukan biyu ba tare da kiɗa ba. Ya yi shiru, ya ɗauki tsumma yana goge kantar da ba ta da datti.

«To. Allah ya shirya. Ka riƙa sa masa ido.»

Na fito da kwalbar turare kyauta, da sabon aiki na tsaron wanda nake ƙyashi.

Kusan ƙarshen shekarar ya zo Aljirif da rana tsaka, abin da bai saba ba. Muka zauna a inuwar katanga. Ya kasa zama wuri ɗaya. Ya ce yana son ta, ita ma tana son sa, ya gaya wa Kawu, Kawu ya yarda a je a nema.

«Da kai za a je, ɗan goggo. Baba in ya ga manyan mutane Larabcinsa guduwa yake. Kai ka san yadda ake magana da irinsu.»

Na ce to. Ban san wace amsa ce kuma zan iya bayarwa ba.

Muka je ranar Asabar da hantsi, Kawu da limamin unguwarsu da ni, shi yana jira a mota. Gidansu tsohon gida ne a Omdurman, mai faffaɗan falo da hotunan kakanni a bango. Mahaifinta ya karɓe mu da mutunci, aka kawo lemo da dabino. Liman ya buɗe da addu'a, Kawu ya faɗi abin da ya kawo mu, ni na ƙara da bayanin gidanmu da sana'armu, da mafi kyawun Larabcin da na mallaka. Na yabi ɗan uwana, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne. Mutumin ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya ji daɗin zuwanmu, mu mutanen kirki ne, an san mu da riƙon addini. Sai dai yarinya tana karatu, kuma akwai ɗan baffanta da aka daɗe da yin magana. Ya raka mu har ƙofa. Ba wanda bai gane ba.

A mota ba wanda ya yi magana har muka hau gada. Kawu yana ta jan carbi da ƙarfi. Taubashina na tuƙi, hawaye na zuba, bai ko share ba. Na tausaya masa, wallahi na tausaya. Amma a ƙarƙashin tausayin akwai wani abu da na gane sarai. Shi an je an nema masa, an hana shi, kowa ya san abin da ya rasa, har liman yana dafa kafaɗarsa. Ni ko wannan ban samu ba.

Mai kyamara ta daina zuwa Juma'a. A aji muna gaisawa. Sau ɗaya ta tsayar da ni a matakala ta ce, da Hausarta karkatacciya, «Yana lafiya?» Na ce yana lafiya. Ta gyaɗa kai ta wuce.

Bayan 'yan makonni ya fito da sabuwar waƙa, a kan falo mai hotuna da lemo mai sanyi. Da Larabci ya yi ta tun daga farko har ƙarshe, ba ta bukaci tafinta ba. Ta fi duk na baya yaɗuwa. A hafila na fara jin ta, daga wayar wani soja da ke zaune kusa da ni, yana kaɗa kai. Na rubuta sharhi a kanta, na ce ita ce mafi kyawun abin da ya fito daga wannan tsakar gida, domin ita ce. Shi ne rubutuna na ƙarshe a shafin kiɗa. Shekara ta gaba na roƙi sabon edita ya mayar da ni shafin kasuwa.

Da muka gama, ita ta sami aiki a wani gidan talabijin a waje, ta tafi. Ba ta auri ɗan baffan ba, kamar yadda na ji. Ni na shiga wata jarida ina rubuta farashin albasa da siminti. Shi kuwa ya yi kamar shekara guda ana kiransa wurare, har wani ɗakin taro a tsakiyar Khartum ya cika saboda shi. Sai Kawu ya fara ciwon ƙafa, ya koma shago yana taimaka masa, ya daina zuwa Omdurman. Na tambaye shi dalili. Ya ɗaga kafaɗa.

«Na faɗi abin da zan faɗa. Kuma turare ya fi kawo ciniki.»

Na dube shi ina neman alamar ciwo a fuskarsa, ban gani ba. Abin da na tsaya bakin kogi ina roƙo, shi ya ajiye shi kamar an cire takalmi.

Ya auri wata 'yar unguwarsu, 'yar aminin Kawu. Ni ne babban aboki. An kafa rumfa a titin gidansu, aka yi ta shiga da fita da manyan faranti. Samarin Omdurman suka zo da yawansu, suka kewaye shi suna cewa sai ya yi musu ko baiti ɗaya. Ya yi ta dariya yana ja da baya, yana cewa surukansa na nan, su rufa masa asiri. Suka haƙura. Ni ina can gefe da buta da tasa ina zuba wa dattawa ruwan wanke hannu, sai Inna ta leƙo ta ce shinkafar ɓangaren mata ta ƙare, in je in gaya wa masu dafuwa.